Cire Manhajar Imel Ba Tare da Asarar Saƙonni da Lambobin Mutane Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a Samaru, kuma da wuya mako ya wuce wani bai shigo shago da maganar imel ba. Wani Outlook ɗinsa ne ya ƙi buɗewa, wani laftof zai sayar, wani kuma ya gama karatu zai bar Zariya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda tare da amsoshin da na saba bayarwa da baki. Na fi tsayawa a kan Outlook da Thunderbird a kwamfuta mai Windows, sai Gmail a wayar Android, domin su aka fi kawo mini. Sunayen maɓallai kuwa na bar su yadda suke rubuce a fuskar kwamfuta, don kada ka sha wahalar nemansu.

Idan na cire manhajar imel daga kwamfutata, saƙonnina sun tafi ke nan?

Galibi a'a. Manhaja daban, saƙonni daban. Ka ɗauki manhajar kamar yaron da kake aike gidan waya ya buɗe akwati ya kawo maka wasiƙu. In ka sallami yaron, wasiƙun da ke akwati suna nan, waɗanda ya kawo gida ma suna nan. Cire Office ba ya goge fayilolin da Outlook ya tara saƙonni a ciki, haka cire Thunderbird ba ya taɓa foldar da yake ajiye komai naka.

Abin da ke cinye saƙonni abu uku ne, kuma mutane kan haɗa su da cire manhaja a rana ɗaya: yi wa kwamfuta fomatin, goge asusun mai amfani na Windows, da cire adireshin imel daga cikin manhajar kanta. Na ukun ya fi yaudara domin ba ya kama da haɗari. Kafin ka yi ko ɗaya, ka karanta amsar da ke biye.

To a ina ainihin saƙonnin suke zaune?

Ya danganta da yadda aka haɗa maka imel ɗin tun ranar farko. Hanya biyu ce ta shahara, POP da IMAP. A tsarin IMAP, saƙonni suna zaune ne a saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ba ka adireshi, manhajarka kuwa madubi ce kawai: abin da ke can shi take nuna maka. Adireshin ofis da ke kan Exchange ko Microsoft 365 ma kusan haka yake aiki. A tsarin POP kuwa, manhaja tana sauko da saƙo cikin kwamfutarka, sannan sau da yawa ta goge shi daga saba. A Outlook akwai saitin da ke barin kwafi a saba na kwana 14 kawai sannan ya share. Saƙonnin da kai ka aika kuwa, a POP, kwamfutarka ce kan riƙe su.

Akwai wani dattijo, malami mai ritaya, da ba na mantawa da shi. Ɗansa ya kai laftof ɗinsa wani shago aka sake masa Windows saboda tana nauyi. Da aka mayar da Outlook, sai saƙonnin mako biyu kacal suka sauko. Ya zo wurina da jakar laftof a hammata, ya zauna a benci, ya ce, "Injiniya, ina wasiƙun ɗalibaina? Ai an ce mini suna intanet." Na ce, "Baba, bari mu duba tukuna." Muka buɗe adireshin a burauza, babu komai sai na mako biyun nan. POP aka haɗa masa tun fil azal, wasiƙun shekaru duk a cikin laftof suke, fomatin ya tafi da su. Mun samo kaɗan daga wurin waɗanda ya yi musayar wasiƙu da su. Sauran har yau.

Ta yaya zan gane ko POP nake ko IMAP?

A Outlook ka shiga File, sai Account Settings, za ka ga jerin adireshinka da wani gurbi mai suna Type a gefe. A Thunderbird ka shiga Account Settings, sai Server Settings, nau'in yana rubuce a sama. Idan lambar ƙofa ka gani, 995 ko 110 na POP ne, 993 ko 143 na IMAP.

Gwajin da na fi yarda da shi bai buƙatar sanin waɗannan lambobi. Buɗe burauza, shiga imel ɗinka ta shafin kamfanin, ka nemi wani saƙo na shekara uku ko huɗu da suka wuce, ka kuma leƙa cikin waɗanda ka aika. Duk abin da ka gani a manhaja amma ba ka gan shi a burauza ba, kwafi ɗaya tak gare shi a duniya, kuma yana cikin wannan kwamfutar da ke gabanka.

Nawa IMAP ne, komai yana saba. Ina buƙatar wata ajiya kuma?

Kana buƙata. Madubi ba ya ɓoye maka komai, amma ba ya adana maka komai: in ka goge saƙo a kwamfuta, ya gogu a saba, ya gogu a waya. Gmail na riƙe abin da ke kwandon shara kwana 30, Yahoo kwana 7. In wani ya sace kalmar sirrinka ya share akwatin, ba ka da wurin komawa. Sannan kamfanonin suna da dokar rashin amfani. Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba, Yahoo kuwa yana iya share abin da ke akwatin da aka bari wata 12.

Ga wani tarko na musamman ga masu Outlook 2013 zuwa sama. In adireshinka IMAP ne, lambobin mutane da kalanda ba sa tafiya saba, domin IMAP saƙo kaɗai ya sani. Outlook yana ajiye su a foldoji masu rubutun This computer only a gaban sunansu. Ranar da ka cire adireshin daga Outlook, waɗannan foldojin suna iya bin sa. Na sha ganin wanda saƙonninsa suka dawo tsaf amma littafin adireshinsa fayau.

Yaya ake kwafe saƙonnin Outlook?

Outlook yana da fayil ɗinsa na ajiya mai ƙarewa da .pst, wanda ke ɗaukar saƙonni da lambobi da kalanda duk a ƙunshi ɗaya. Ka shiga File, Open & Export, Import/Export, ka zaɓi Export to a file, sannan Outlook Data File. Ka danna kan sunan adireshin da ke can sama, ba Inbox kaɗai ba, ka tabbatar akwai alama a Include subfolders. Ka sa wa fayil ɗin suna mai kwanan wata. In kana da adireshi uku, sau uku za ka yi.

Kafin ka fara, ka duba saitin asusun, akwai wani ma'auni da ke ƙayyade saƙon wata nawa za a riƙe a kwamfuta. In yana kan wata 12, abin da za ka fitar na wata 12 ne kawai, ba tare da an gargaɗe ka ba. Ka ja shi zuwa All, ka bar kwamfutar a kan intanet har ta gama saukewa. Kuma don Allah ka yi wannan aikin batir a cike ko janareta na aiki, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta .pst, fayil ɗin kan lalace.

Mai POP yana da gajeriyar hanya: saƙonninsa dama a .pst suke, galibi a Documents cikin foldar Outlook Files. Ya rufe Outlook gaba ɗaya ya kwafe fayil ɗin. Wannan bayani duk na tsohon Outlook ne da ke zuwa tare da Office. Sabon Outlook na Windows ya fito ne ba tare da cikakken aikin .pst ba, a hankali ake ƙara masa, don haka ni har yanzu da tsohon nake wannan aiki.

Na ga wani babban fayil mai ƙarewa da .ost. In na kwafe shi ya wadatar?

Bai wadatar ba. Wannan fayil, da ke AppData\Local\Microsoft\Outlook, a ɗaure yake da asusun da ya ƙirƙire shi a wannan kwamfutar. Ba za ka kai shi wata kwamfuta Outlook ya buɗe maka shi haka kawai ba. Muddin Outlook yana buɗewa, ka fitar da .pst kamar yadda na bayyana a sama.

Thunderbird fa?

Shi ya fi kowa sauƙi, kuma shi nake sa wa ɗalibai da ba su da kuɗin Office, tunda kyauta ne daga Mozilla. Komai naka yana cikin folda ɗaya: saƙonni, littafin adireshi, saituka, har kalmomin sirri da ka ce ya tuna. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %APPDATA%, za ka ga folda mai suna Thunderbird. Ka rufe manhajar, ka kwafe foldar ɗungurungum. A sabuwar kwamfuta ka sa Thunderbird, ka mayar da foldar daidai wurin, ka buɗe, za ka tarar da shi yadda ka bar shi. Akwai Export a cikin Tools da ke ƙunshe komai a fayil ɗin zip, amma an yi shi ne don abin da bai wuce 2GB ba, shi ya sa na fi son kwafe folda da hannu.

In ka leƙa ciki za ka ga fayiloli biyu-biyu, misali Inbox da Inbox.msf. Wanda ba shi da jela shi ne saƙonnin, mai .msf fihirisa ce kawai da manhajar ke iya sake ginawa. Na taɓa karɓar filas daga wani ɗalibi na harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya kwafe masu .msf kaɗai saboda sun fi kama da fayil na gaske. Allah Ya taimake shi bai riga ya goge tsohuwar foldar ba. Tunda kalmomin sirrinka na cikin wannan kwafi, kada ka ajiye shi a filas ɗin da kake kaiwa wurin masu buga takardu.

Ni ta burauza da waya kawai nake buɗe Gmail. Zan iya saukar da nawa?

Za ka iya, ta Google Takeout. Ka shiga takeout.google.com, ka cire alama daga komai, ka zaɓi Mail da Contacts kaɗai. In ba ka yi haka ba za a haɗa maka har da hotuna da bidiyo, data ta ƙare ba ka kai rabi ba. Google zai haɗa kayan, wani lokaci cikin sa'o'i, wani lokaci ya kwana, sannan ya aiko maka da hanyar saukewa wadda ke aiki kimanin mako guda. Da yake asusun kyauta 15GB ne tsakanin Gmail da Drive da Photos, akwatin da ya daɗe yana iya yin nauyi.

Saƙonnin za su zo a fayil ɗin .mbox. Outlook ba ya buɗe shi, Thunderbird yana buɗewa: ka rufe manhajar, ka jefa fayil ɗin cikin Local Folders da ke cikin foldarsa, ka sake buɗewa.

Lambobin mutane fa, CSV zan fitar ko vCard?

In don ajiya ne ko mayarwa waya, vCard, wato fayil mai ƙarewa da .vcf. Kusan kowace waya da kowace manhaja na karanta shi, kuma yana riƙe mutum ɗaya da lambobinsa uku ba tare da ruɗani ba. CSV jadawali ne, amfaninsa in za ka gyara sunaye da yawa lokaci guda ko za ka shigar da su tsohon Outlook. Ni duka biyun nake fitarwa, tunda ba su da nauyi. A Google ana yi daga contacts.google.com, a Thunderbird daga cikin Address Book, a Outlook kuma ta hanyar nan ta Import/Export, sai dai ka zaɓi Comma Separated Values.

Hattara da buɗe CSV a Excel. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari ta zo da ɗanta, ya fitar mata da lambobin abokan cinikinta, ya buɗe a Excel don ya gani, ya danna Save. Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, sai ya cire sifilin farko, 0803 ta koma 803. Da aka mayar waya, duk wanda ta kira sai a ce lambar ba ta cika ba. Ta ce mini, "Ɗan nan, har da masu bashina a ciki fa." Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sifili ne kawai ya faɗi." Mun mayar da shi, amma da lambobin sun fi haka cakuɗewa da aikin ya yi tsawo. In dole sai ka buɗe, ka yi kwafi na biyu ka buɗe shi, na asali kada ka taɓa.

Abu na biyu ya shafe mu Hausawa kai tsaye. Sunayen da ka rubuta da ƙ da ɗ da ɓ, ko da ajami, sukan koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana idan ba a adana CSV da tsarin UTF-8 ba. In kana da zaɓi, shi za ka ɗauka, kuma bayan ka shigar ka nemi suna kamar Ɗanladi ko Bilƙisu ka ga yadda ya fito.

Na fitar da lambobina amma mutane da yawa babu su, alhali in na fara rubuta sunansu suna fitowa. Me ya faru?

Waɗannan ba sa cikin littafin adireshinka. Manhaja ce ke tuna duk wanda ka taɓa rubuta wa, ta ajiye a wani jeri na daban. A Outlook 2007 zuwa ƙasa jerin yana fayil mai .nk2, daga 2010 kuma yana foldar RoamCache, kuma fitar da lambobi ba ya haɗawa da shi. A Thunderbird sunansa Collected Addresses, a Google kuma Other contacts, kowanne sai ka fitar da shi daban. Ga mai Outlook, shawarata ita ce ka zauna yamma ɗaya ka bi saƙonnin da ka aika, duk mutumin da ke da muhimmanci ka sa shi cikin littafin adireshi na gaske.

A waya, in na cire Gmail ko na fitar da asusuna, lambobina za su ɓace?

A yawancin wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da itel, Gmail tare da wayar ya zo, ba ya ciruwa, sai dai a dakatar da shi, kuma hakan ba ya taɓa saƙonninka. Fitar da asusun Google daga wayar kuwa yana ɗauke lambobin da ke ƙarƙashin asusun daga fuskar wayar, amma suna nan a Google, za su dawo in ka sake shiga. Waɗanda ke cikin haɗari su ne na ƙwaƙwalwar waya da na SIM. Katin SIM ba ya ɗaukar fiye da kimanin suna 250, kuma suna da lamba ɗaya kaɗai yake riƙewa.

Ka gwada kamar yadda na ce a amsar POP da IMAP: ka buɗe contacts.google.com a burauza ka kwatanta adadin da na wayarka. In da bambanci, ka shiga manhajar lambobi ka fitar da su duka zuwa .vcf, ka tura fayil ɗin waje da wayar. In kuwa ka goge lambobi bisa kuskure, Google yana da Undo changes da ke mayar da su yadda suke har zuwa kwana 30 baya.

A ina ya fi dacewa in ajiye kwafin?

Ba a cikin kwamfutar da za a yi wa aiki ba, ko da a ɓangaren D ne, domin na ga masu gyara da suka share faifan gaba ɗaya cikin gaggawa. Wuri biyu nake so: ɗaya a hannu, filas ko faifan waje, ɗaya kuma nesa, a Drive ko OneDrive ko gidan ɗan'uwa. Filas ɗin araha da ake rubuta wa babban girma alhali cikinsa ƙarami ne sun yi yawa a kasuwa. Zai nuna maka ya karɓi fayil, ranar buɗewa ka tarar da shi a lalace. Ka sayi na kirki, ka sa shi a leda ko ƙaramin gwangwani saboda ƙurar hunturu da zafin bazara, kuma kada ya zama shi ne mai yawo a aljihu.

In kwamfuta ta ce fayil ya yi wa filas girma alhali akwai wuri, tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. A mayar da filas ɗin exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki. Kalmar sirrin da Outlook ke sa wa .pst kuwa ba kariya ce mai ƙarfi ba, kada ka dogara da ita.

Ta yaya zan tabbatar kwafin ya yi?

Ka buɗe shi. Gani ya kori ji. A Outlook, File, Open & Export, Open Outlook Data File, ka nuna masa kwafin. Ka duba saƙo mafi tsufa da mafi sabo, ka buɗe wata takarda da aka liƙa wa saƙo, ka leƙa foldar waɗanda ka aika, ka ƙirga lambobi. In da hali ka yi gwajin a wata kwamfuta. Duk wanda ya kawo mini aiki, ba na danna Uninstall sai mun yi wannan tare da shi yana kallo, ko da yana sauri.

Kalmar sirri na manta, manhajar ce ke tuna mini. In cire?

Kada ka cire tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa sun shekara biyar ba su rubuta kalmar sirrinsu ba, kuma lambar wayar da suka yi rajista da ita ta daɗe da ɓata, wataƙila ma kamfanin waya ya sayar wa wani layin. Tun manhajar na buɗewa, ka shiga ta burauza ka tabbatar ka san kalmar, ka sabunta lambar waya da adireshin neman ceto. Thunderbird yana nuna kalmomin da ya adana a Saved Passwords, Outlook ba ya nunawa.

In kana da tabbatarwa mai mataki biyu a Google, ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da yake bayarwa, ka rubuta a takarda. Tsofaffin manhajoji kuma ba sa shiga Gmail ko Yahoo da kalmar sirri ta yau da kullum, sai an ƙirƙira musu tasu ta musamman daga shafin tsaro na asusun.

Na gama duk wannan. Yaya ake cirewar?

A Windows 11, Settings, Apps, Installed apps. A Windows 10, Apps & features. Ka nemi manhajar ka danna Uninstall. Thunderbird shi kaɗai yake fita. Tsohon Outlook kuwa a yawancin Office na yanzu tare yake da Word da Excel, in ka cire duk za su tafi, don haka ka tabbatar kana da lasisin mayarwa.

Amma ka tambayi kanka dalilin cirewar. In don Outlook yana maƙalewa ne, sake sa shi ba kasafai yake magani ba, domin cutar na cikin fayil ɗin bayanai, shi kuma yana nan yana jiran sabon. Ka fara da Quick Repair na Office, ko scanpst.exe da ke gyara .pst, ko ka ƙirƙiri sabon furofayil daga Mail a Control Panel. In kana da sa hannu mai tambarin ofis a ƙasan saƙonninka, yana AppData\Roaming\Microsoft\Signatures, ka kwafe shi ma.

Zan gama makaranta, ko zan bar aiki. Imel ɗin da suka ba ni fa?

Adireshin makaranta ko na ofis mallakarsu ne, ranar da suka rufe shi IMAP ba zai cece ka ba. Garin nan kuwa na ɗalibai ne da ma'aikata, daga Jami'ar Ahmadu Bello zuwa kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da asibitin koyarwa na Shika, kowace shekara wasu na tafiya. Ka tambayi sashen kwamfuta na wurinku yaushe ake rufewa da kuma abin da aka yarda ka ɗauka. Wasiƙunka da mai duba aikin bincikenka, da na mujallun da ka aika wa maƙala, ka kwafe su tun kana da dama, ka kuma sauya adireshin a duk shafin da ka yi rajista da shi. Takardun ofis da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai kuwa amana ce, ba naka ba ne da za ka tafi da su.

Tsohuwar kwamfuta ce mai Outlook Express ko Windows Live Mail. Akwai abin yi?

Akwai. Outlook Express na zamanin Windows XP yana ajiye saƙonni a fayilolin .dbx, littafin adireshi a .wab. In kwamfutar na tashi, a fitar da su daga cikinta ya fi sauƙi, don haka kada a yi mata komai kafin nan. Windows Live Mail, wanda Microsoft ya daina kula da shi a Janairun 2017, kowane saƙo fayil ɗin .eml ne, ana iya jan su kai tsaye cikin Thunderbird. Manhajar Mail da ta zo da Windows 10 ita ma an daina tallafa mata a ƙarshen 2024. Shi kansa Windows 10, tare da Office 2016 da 2019, wa'adinsu ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025.

Aikin gama ya gama, na cire ko an yi fomatin ban kwafe ba. Akwai fata?

In cirewa kawai ka yi, akwai sosai: ka bincika kwamfutar da *.pst, ka leƙa foldar Thunderbird da na ambata. In an sake Windows ba tare da share faifai ba, ka nemi Windows.old a C, tsofaffin fayilolinka na ciki, sai dai ka hanzarta domin Windows kan share ta da kanta bayan 'yan kwanaki. In fomatin aka yi, ka kashe kwamfutar yanzu. Duk abin da ka sauke ko ka sa yana iya hawa kan wurin da saƙonnin suke. A tsohon faifai mai juyawa, manhajoji irin su Recuva kan tono wani abu. A SSD, wato sabon faifai marar juyawa, damar kaɗan ce ƙwarai, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu da ka kashe kuɗi a banza.

Zan sayar da laftof ɗin a unguwar PZ ta nan Zariya, ko in bar wa ƙanena. Cire manhajar ya isa?

Bai isa ba, kuma dalilin shi ne amsar tambayar farko: cire manhaja ba ya goge saƙonni. Wanda ya saya zai iya sa Thunderbird ko Outlook ya tarar da wasiƙunka, da sanarwar banki, da hoton katin NIN da ka taɓa aika wa wani. Bayan ka kwafe ka kuma gwada kwafin, ka yi Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, ka kunna zaɓin tsabtace faifai. Yana ɗaukar sa'o'i, don haka ka jona ta da wuta. Sannan ka shiga shafin tsaro na Google ko Microsoft daga wata na'ura ka fitar da tsohuwar kwamfutar daga jerin na'urorinka.

In waya ce, ka fitar da asusun Google kafin ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. In ba haka ba za ta iya kullewa tana neman kalmar sirrinka a hannun wanda ya saya, ya dawo yana nemanka a kasuwa. Ka cire SIM da katin memori kafin ka miƙa ta.